Lala Shamroz da Bindigar Surukinsa

Yayana Shamroz ya fi shekara arba'in yana sayar da bindiga da gyaranta a bakin kasuwar garinmu, kan hanyar Swabi, kuma a iya sanina bai taɓa harbin ko kurciya ba. Mutane ba sa yarda idan na faɗa. Ni kuwa a gidansa nake tun da mijina ya rasu, shagon kuma a jikin gidan yake, akwai 'yar taga mai labule da nake miƙa shayi ta cikinta. Duk abin da aka faɗa a shagon nan a kunnena ake faɗarsa. Ba laɓe nake yi ba, mazan garinmu ne ba su iya magana a hankali ba.

Lala nake ce masa, yadda kowace ƙanwa take kiran yayanta, har 'yan kasuwa suka ɗauka, yaro da babba kowa Lala Shamroz. Dogo ne, zaman gyara ya ɗan ranƙwafar da shi, kuma ko da sabulun wanki ya yi wanka warin man bindiga ba ya barin jikinsa. Ba shi da yawan fara'a. Tun yana da sauran baƙin gashi yake tafiya kamar wanda ya dawo daga noma, alhali daga shago zuwa ɗakinsa ko akuya ba za ta gaji ba.

Ba ƙarfe ne ya gajiyar da shi ba, maza ne. A wurinmu namiji zai gaya maka bai iya karatu ba, bai iya tuƙi ba, in kun shaƙu har ya gaya maka matarsa ta fi ƙarfinsa. Amma ya buɗe baki ya ce bai iya bindiga ba? Gara ya mutu, kuma wasu mutuwar suke yi. A zamanin kakanninmu gaskiya ne, yaro a gindin bindiga yake tashi. Yanzu kuwa rabin samarin nan a Karachi suka girma ko Dubai, abin da hannunsu ya sani waya da sitiyari. Mutum zai dawo gida ya gina ɗaki biyu, ɓarayi su kwance wa maƙwabcinsa ɓauna, wadda muke kiwo kamar saniya, ko su ɗauke injin ban ruwa, washegari ka gan shi a shagon Lala yana hura hanci.

"Lala, ba ni mai kyau. Tsohuwar tawa ta gaji."

Ba shi da wata tsohuwa. Lala ya sani, shi ma ya san Lala ya sani. Daga karɓa ake ganewa. Yatsa zai zarce kan kunama kamar can aka haife shi, bakin bindiga kuma ya shiga yawo, ya nuna cikin Lala, ya nuna mai rake da yake wucewa, ya juyo ya nuna tagata. Sau nawa na durƙushe da butar shayi a hannu, Allah kaɗai ya sani.

To ka ce masa, "Ɗan'uwa, ba haka ake riƙewa ba," ka gama da shi. Zai ajiye ya ce ba ta yi masa ba, ya tafi wurin wanda zai sayar masa ba tare da ko uffan ba. Saboda haka Lala ya ƙirƙiro wani mutum. Mutumin hayin kogi yake ce masa. Ba shi da suna, ba shi da ƙauye, sakarai ne dai na buga misali. Mai saye yana zaune an zuba masa shayi, sai Lala ya fara kamar yanzu abin ya faɗo masa.

"Ka ga irin wannan na sayar wa wani mutumin hayin kogi. Kai da ka san bindiga sai ka yi dariya. Wai bai san in an miƙo maka ita, abu na farko ka buɗe ka leƙa ciki da idonka ba, ko ubanka ne ya rantse maka babu komai. Haka, ka gani? Shi kuwa ya ce ai an gaya masa fanko ce. Yanzu takalmi ɗaya yake saya."

Mai saye ya ƙyalƙyale. "Kai, Lala, akwai jakai a duniyar nan!" Idonsa kuwa yana kan hannun Lala, yana haddacewa.

Babu abin da bai sami mutumin hayin kogi ba. Ya ji motsi a gonar taba, ya harba bai tambayi ko wane ne ba, ashe ƙanensa ne ya dawo daga ban ruwa. Ya sayi bindigar yaƙi, kalashin, don tsaron gida mai bangon bulo, harsashi ya huda bango ya fasa butar alwalar tsohuwarsa tana zaune kusa da ita. Ya rataye bindiga da harsashi a ƙusa ɗaya. Ya saya ya ajiye bai taɓa zuwa busasshen rafi ya gwada ta ba, ranar da ya harba ta make shi a haɓa. Ya yi harbin sama a bikin aure, ya manta abin da ya hau sai ya sauko, ya sauko a kan ɓaunar uban amarya. In aka haɗa duk abin da ya same shi a bakin Lala, bai kamata a ce yana da sauran gaɓa a jiki ba. Har akwai masu shigowa su ce, "Lala, ina labarin mutumin naka, yana raye kuwa?" Lala ya ce, "Yana nan, ai irinsu ba sa ƙarewa."

Kuma kullum da abu ɗaya yake rufewa, yana naɗe bindigar a tsumma. "Na ce masa kare tukuna, sai fitila a tsakar gida, sai sakata mai kyau, sannan bindiga. Kuma kafin yatsa ya motsa, baki ya motsa, a ce wane ne. Bai ji ba. Kai dai ai ka sani."

Kowa ya fita yana ganin shi ya sani. Da yawansu sun sayi kare.

Lala 'ya ɗaya gare shi, Wagma. Uwarta ta rasu tana rarrafe, ni na goya ta, Tror take ce mini, wato gwaggo. Aka aurar da ita ga Niyamat Gul, tela, a wani ƙauye da ba shi da nisa da mu. Shi ma a Karachi ya tashi, sai da ubansa ya rasu ya dawo kan gonar gado, ya buɗe shagon ɗinki a Swabi. Zan faɗi gaskiya ko da daga baya na yi fushi da shi: yaron kirki ne. Bai taɓa ɗaga wa Wagma murya ba. Da ta haifi mace, ta sake haifar mace, bai canza fuska ba, da kansa yake ɗinka musu 'yan riguna da ragowar yadi. Babbar, Muska, ba ta kai shiga makaranta ba, amma babu abin da ba ta hawa a gidan nan, daga katanga har bayan ɓauna.

Matsalarsa 'ya'yan baffanninsa. Hujra ɗaya, wato zauren hirar maza, suke zama da yamma, su da suka tashi a ƙauye, shi da ya zo da laushin hannu da laushin harshe. Babbansu Redi Gul, mutum ne da ba ya iya shan shayi sai da naman wani. Da aka yi sata a ƙauyen, ya samu abin yi.

"Tela, in ɓarawo ya hauro maka, me za ka yi? Ka auna masa wuya?"

"A'a, almakashi zai nuna masa."

"Ku bar shi, ai surukinsa mai bindigogi ne. Sai ya aika a kira tsoho."

Gori a wurinmu ya fi duka ciwo. Niyamat ya haɗiye, ya haɗiye, ran nan da hantsi sai na ji sallamarsa a shago. Wagma a lokacin tana da ciki na uku, ya yi nisa.

Lala ya miƙe ya ba shi kujera, na miƙo shayi da guntun mazarƙwaila. Tsakanin suruki da suruki kun san yadda ake, kowa yana kallon takalminsa. Daga ƙarshe Niyamat ya ce yana son bindiga ta tsaron gida. Lala bai tambaye shi komai ba, ya sauko da mai baki biyu, wadda ya fi yarda da ita ga gidan da ke da yara da bango mara kauri. Ya miƙa masa. Ta labule na ga yatsan ya tafi inda yatsun duka suke tafiya.

Lala ya gyara murya. "Irin wannan na taɓa sayar wa wani mutumin hayin kogi..."

Niyamat ya ɗago. Kunnuwansa sun yi ja.

"Haji Sab," don haka yake kiran Lala, "ni ma labarinsa za a ba ni?"

Ashe Wagma, cikin hirar miji da mata, ta taɓa ba shi labari tana dariya, cewa babanta ya ƙirƙiri wani sakarai don koyar da waɗanda ba su iya ba. Da wasa ta faɗa, shekaru da suka wuce. Shi kuwa ya riƙe.

"A'a," in ji Lala. "Hira ce kawai."

"Na iya, Haji Sab. A Karachi ma muna da ita."

Lala ya bar zancen. Dabara ɗaya gare shi a duniya, kuma ranar da ya fi bukatarta ta ƙi ci. Ya so ya ba shi kyauta, Niyamat ya ƙi, ya ce ba a tsare gida da bindigar sadaka. Lala ya cika masa takardun lasisi, ya naɗe ta a tsumma, ya raka shi bakin hanya. Da ya dawo na ce ta taga, "Ko kare ba ka ce masa ya saya ba." Ya ce, "Shahro, rufa min baki."

Ba a daɗe ba na je duba Wagma, na kai mata man shanu da ƙwai. Na shiga ɗaki zan ajiye mayafina, sai na ga Muska a can saman babban akwatin ƙarfe, kan tulin barguna, ta haye bindigar nan tana sukuwa, ƙanwarta a ƙasa tana miƙa hannu a ɗora ta. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na sauke yarinya, na kira Wagma.

"Da harsashi a ciki?"

Ta sunkuyar da kai. "Tror, ya ce bindigar da ba a ɗura ba sanda ce. Haka su Redi Gul suka ce masa. Na yi magana, ya ce in bar sha'anin maza. Nan ne wuri mafi tsawo a ɗakin."

"Mafi tsawo ga wa? Ga wannan birin?"

Na dawo gida na gaya wa Lala, ban rage komai ba. Ranar bai ci abinci ba. Ya zauna a kan gadon igiya a tsakar gida, gurasa ta huce a gabansa, ƙuda suka yi ta biki. Na ce ya je ya same shi ya gaya masa kai tsaye, ai ɗansa ne. Ya ce in ya je ya koya wa mutum riƙon bindiga a cikin gidansa, kafin ya fito ƙauyen duk sun ji, kuma Niyamat zai ƙara ɗura ta ne don ya nuna. Na ce to a karɓe ta. Ya ce a karɓe bindigar namiji, ai gara a karɓe masa wando.

Sai ya aika wa Niyamat cewa sabuwar bindiga tana son mai da dubawa bayan 'yan makonni, a kawo. Aka kawo. Ina tsaye a taga na ga ya kwance ta, ya zare wasu 'yan ƙarafa biyu sirara, waɗanda suke dukan gindin harsashi ya tashi. Allura suke ce musu. Ya jefa su a gwangwanin kusoshi, ya mayar da komai, ya goge ta tana ƙyalli.

"Lala, me kake yi?"

"Abin da kika gani."

"In ɓarawo ya zo fa?"

"Ɓarawo in ya zo, sau ɗaya zai zo a shekara, kuma ɓauna ya zo nema ba yaƙi ba, ganin bakinta ya ishe shi. Muska kuwa kullum tana gidan." Ya goge hannu. "Bari Wagma ta sauka lafiya. In hankali ya kwanta zan ja shi rafi, mu biyu, in ce ina so ya taya ni gwada wata. A can zan koya masa, in mayar masa da abinsa, ba wanda zai sani."

Mutumin da bai taɓa cutar mai saye ko da harsashi ɗaya ba. Sai na saki labule.

Lala ya yi lissafin ɓarawo, ya yi lissafin Muska, abu ɗaya ya manta. Haihuwa biyu aka yi a gidan nan ba a ji ƙarar komai ba, don mace ba a yi mata harbi. Shi kuma da ya ƙare rayuwarsa yana zagin masu harbin sama, ko kusa bai kawo a ransa cewa surukinsa mai sanyi zai hau soro ba. Ga shi naƙuda ta zo kafin lokacin da muke zato.

Da hantsi ta sauka, ina riƙe da kafaɗunta. Ungozoma ta ce namiji. Kafin a yanke cibi labari ya kai hujra, sai ga maza sun cika ƙofar gida. Na fito zubar da ruwa, na hango Niyamat yana hawa soro da bindigar a hannu, fuskarsa kamar an ba shi duniya. Redi Gul yana ƙasa da kalashin ɗinsa a kafaɗa, yana jira, don uba ne yake fara sanar da ɗansa, sannan dangi su amsa. Na buɗe baki, amma me zan ce, kuma a gaban wa?

Ya ɗaga ta sama ya ja kunama. Ƙyas. Ya ja ta biyu. Ƙyas. Ya buɗe, ya sauya harsasai, har ɗaya ya faɗo tsakar gida. Ya sake ja. Shiru. Ƙauye guda yana kallonsa, har mata ta saman katanga.

"Tela!" in ji Redi Gul. "Zaren ne ya ƙare?"

"A taka mata feda kamar keken ɗinki!" in ji wani.

"Kai, ko dai a sake duba jaririn, wataƙila bindigar ta fi mu sani!"

Aka fashe da dariya. Sai Redi Gul ya ce ba za a bar ɗan dangi ya zo duniya kamar ɗan kaza ba, ya ɗaga tasa ya zazzage ta a sama. Wani namiji ne ya sanar da haihuwar ɗan Niyamat Gul, shi yana tsaye a kan soronsa da ƙarfe a hannu. A ɗaki Wagma ta ji harbi, ta yi murmushi, ta ce, "Tror, kin ji shi?" Na ce na ji.

Da a nan ta tsaya, da an ce harsashi ne ya sha ruwa. Amma Redi Gul ya karɓi bindigar a hujra, ya kwance ta a gaban kowa, ya leƙa, ya ɗago yana murmushi. Ya ce, "Ba laifinka ba ne, ɗan baffa. Tsoho ne ya ba ka ta wasan yara. Ai shi ya san ka."

Bayan kwana biyu na koma gida ɗaukar kaya, ina nan Niyamat ya zo shago bayan azahar. Bai zauna ba. Ya ajiye bindigar a kan tebur a hankali, kamar yana ajiye ɗinkin wani. Na so a ce ihu ya yi.

"Haji Sab, da ka mare ni a tsakiyar kasuwa, da ya fi min sauƙi."

Lala ya ce, "An ga Muska a kanta, tana sukuwa."

"'Yata ce. Kana ganin ba na son ta?"

"Ban ce ba."

"To da ka gaya min."

"Da ka ji?"

Niyamat ya dubi bindigar. "Ban sani ba," ya ce. "Amma ba ka gwada ba. Baƙo ya shigo nan ka ɓata rabin yini a kansa. Ni kuwa ka dube ni ka yanke cewa ban kai a yi min magana ba."

Ni da nake bayan labule na so in ce ƙarya ne, amma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

"Kada ka zo suna," in ji Niyamat. "Kuma ƙafar Wagma ba za ta taka gidan nan ba. Tror ta zo in tana so, mai jego tana bukatar uwa."

Ya fita. Aka yi suna, aka yanka raguna biyu, Lala yana shago yana goge abin da ya riga ya goge.

Labari ya zaga, ba sai an faɗa ba. Wa zai sayi bindiga a hannun wanda ya sayar wa surukinsa gawa? Masu zuwa suka ragu, waɗanda suka zo kuma sai sun ce a kwance a nuna musu allura. Ya kwance ya nuna. Ya daina ba da labarin mutumin hayin kogi, yatsa ya hau kunama a gabansa sai dai ya matsa gefe. Ni ma na rage dafa shayi.

Niyamat kuwa ya sayi ƙaramar bindiga, fistol, a hannun wani mai sayarwa a bayan mota, wanda ko sunansa bai tambaya ba. Ba ta da takarda, don haka ba ya iya wucewa da ita shingen 'yan sanda zuwa Swabi. Kullum da safe sai ya bar ta a ƙarƙashin matashi, a ɗane, a kan gadon da yaran suke tsalle. An gudu ba a tsira ba. Waccan ko ba komai tana da nauyi da tsawo, wannan kuwa hannun Muska ma zai ɗauke ta.

Ina yi wa jariri wanka wata safiya, Wagma ta tura ƙofa ta rufe, ta ɗaga matashin ta nuna min. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce tun da abin nan ya shigo, ko banɗaki ba ta zuwa sai ta kora yaran waje, kuma tana tsoron taɓa shi.

"Tror, ki tambayar min Baba yadda ake fitar da abin da ke ciki. In ya fita da safe in fitar, kafin ya dawo in mayar. Ba zai sani ba."

"In ya sani fa?"

"In ya sani ya sani. Ni dai ki tambayo min."

Na zo na faɗa wa Lala bayan la'asar. Ya tambaye ni kamanninta, na kwatanta, ya shiga shago ya fito da irinta, ya duba cikinta, ya sake dubawa, ya kawo wasu harsasai na gwaji marasa albarushi. Ya tsayar da ni a tsakar gida, gaban tarin ƙasar da muke yaɓen tanderu da ita. Ni, da furfurata da ciwon gwiwata.

"Baki ya kalli ƙasar nan, ko me ake ciki. Ba bango ba, ba ƙofa ba, ba ƙafarki ba. Yatsa a miƙe a gefe. Ba nan ba, Shahro, a gefe! Danna nan, gidan harsashi ya fito. Ajiye. Kin gama?"

"Na gama."

"Ba ki gama ba. A nan ake mutuwa. Akwai guda ɗaya da yake kwana a ciki. Ja samanta ya yi baya, da ƙarfi, ya faɗo. Yanzu leƙa. Ki gaya mata ta leƙa da ido, kada ta ce ai jiya ta fitar."

Hannuna ya ƙi ja. Na gwada na gwada, fatar yatsana ta saluɓe, na ce masa ni ban iya wannan masifar ba. Ya ce in sake. Bai taɓa yi min tsawa irin ta ranar ba, kuma ban rama ba, don na san ba da ni yake ba. Ya nuna min yadda zan riƙe saman da tafin hannu in tura da ɗayan. Ya ce harsasan ta kulle su a akwati, mabuɗi a wuyanta, kuma kada ta yi abin nan yara suna ɗakin, ko jaririn. Ya ce wanda yake kwana a ciki kada ta mayar da shi, gidan kawai za ta mayar, Niyamat ba zai gane bambanci ba. Muka yi ta yi har aka kira magariba, ya ce in sake sau ɗaya.

Washegari na tafi. Wagma 'yar ubanta ce, abin da ya cinye min yamma guda, ita kafin ruwan shayi ya tafasa ta iya. Ta cika tsohon bokiti da ƙasa ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce wa mijinta na shuka ne. Har yau haka take yi, safe da yamma, kamar ba wa kaji tsaba. Ban sani ba ko Niyamat ya gane. Wani lokaci ina zargin ya gane ya yi shiru, don na ga bokitin nan ya daɗe ba a shuka komai a ciki ba, kuma bai tambaya ba.

Da na dawo ran nan, Lala yana zaune a bakin shago, ba kowa. Bai bari na cire mayafi ba.

"Ta iya?"

"Ta iya."

"Ta leƙa da ido?"

"Ta leƙa, Lala. Har ta fi ka fitina."

Ya gyaɗa kai. Na juya zan shiga gida, ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana kallon hanya.

"Yaron fa? Da wa yake kama?"

Yaron nan Lala ne sak. Goshin, dogon hancin, har yadda yake haɗe gira in an tashe shi daga barci. Duk matar da ta shigo barka sai ta faɗa, sannan ta tuna ta kama bakinta. Na dubi tsohon nan da bai fi tafiyar shan shayi tsakaninsa da jikansa ba, kuma bai san ranar da zai gan shi ba.

Na ce, "Da ubansa yake kama."

Ya ci gaba da kallon hanya.

"Gara haka," in ji shi, ya tashi ya fara shigar da kujeru.